Kumbon da babu kowa a ciki: tambayoyi da amsoshi kan binciken duniyoyi da na'ura

Rabon ɗan'adam da taka wata tun Disambar 1972, kuma har yau babu wanda ya sa ƙafa a wata duniya. Duk da haka muna da hotunan duwatsun ƙanƙara na Fuluto, mun san zafin ƙasar Zara, mun ji ƙarar iskar Mars. 'Yan aike ne suka kawo mana labarin, 'yan aiken ƙarfe da waya, waɗanda in sun tafi babu mai bin su ya gyara su. Ga tambayoyin da aka fi yi game da su.

Wai me ake nufi da binciken sararin samaniya da na'ura?

Shi ne a harba kumbo ba tare da mutum a ciki ba, a ɗora masa kyamara da na'urorin awo, ya je ya gano ya aiko da bayani ta rediyo. Akwai wanda wucewa kawai yake yi ta gefen duniyar da aka aike shi, ya ɗauki abin da ya samu cikin sa'o'i kaɗan ya yi gaba, kamar yadda New Horizons ya yi wa Fuluto ranar 14 ga Yulin 2015 bayan tafiyar shekara tara da rabi. Akwai wanda yake shiga kewayenta ya yi shekaru yana zagayawa yana zana taswira. Akwai mai sauka ya zauna wuri ɗaya, akwai motar da take yawo a kan ƙasa tana haƙa duwatsu. Mafi wahala a cikinsu shi ne wanda zai je, ya ɗebo, ya komo gida da kayan.

A al'ada haka ake bin su ɗaya bayan ɗaya: a leƙa tukuna, a kewaya, sannan a sauka.

Me ya sa ba za a aika mutane kawai ba?

Saboda mutum kaya ne mai tsada. Yana buƙatar iska da ruwa da abinci, da kariya daga burbushin haske mai cutarwa da ke fitowa daga rana da can cikin sararin samaniya, kuma dole a dawo da shi. Na'ura ba ta tambayar hanyar komawa. Zuwa Mars kaɗai wata shida zuwa tara ne, kuma ƙofar tafiyar ba ta buɗewa sai kusan bayan kowane wata 26, lokacin da duniyoyin biyu suka daidaita. Wuraren da suka wuce nan kuwa, irin su kewayen Jufita, hasken da ke can zai halaka mutum cikin ɗan lokaci.

Amma a faɗi gaskiya, masanin duwatsu da guduma a hannu zai yi a yini ɗaya abin da motar Mars take ɗaukar watanni tana yi. 'Yan sama jannatin Apollo sun kawo kilo 382 na duwatsun wata a tafiya shida, kumbunan Sobiyet uku marasa mutum kuwa abin da suka kawo gaba ɗaya bai kai rabin kilo ba. Inda na'ura ta fi mutum shi ne arha da juriya, da iya zuwa inda shi ba zai rayu ba.

Yaushe aka fara?

Ranar 4 ga Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik 1, tauraron ɗan'adam na farko. Shekara biyu bayan haka Luna 3 ya ɗauko hoton bayan wata, gefen da babu idon da ya taɓa gani daga ƙasa. Amurka ta kai Mariner 2 kusa da Zara a 1962, Mariner 4 kuma ya wuce Mars a Yulin 1965. Hotunan da ya aiko sun kashe wa mutane da yawa jiki: ana tsammanin magudanan ruwa, wasu har tsirrai suke hasashe, sai ga busasshiyar ƙasa mai ramuka kamar ta wata. Luna 9 ya sauka lafiya a wata a 1966, ya kawar da tsoron da wasu ke yi cewa ƙura za ta haɗiye duk abin da ya sauka.

Ana tuƙa su ne daga nan kamar yadda ake tuƙa mota?

A'a, kuma wannan ce tambayar da idan aka gane amsarta sauran duk za su zo da sauƙi. Saƙon rediyo yana tafiya da gudun haske, kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Zuwa wata, daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ne, shi ya sa a 1970 injiniyoyin Sobiyet suka iya tuƙa motar Lunokhod 1 suna kallon allo. Mars kuwa, gwargwadon inda take a kewayenta, saƙo yana ɗaukar minti uku zuwa 22 kafin ya isa. In ka hango rami a gaban motar ka ce ta tsaya, kafin maganarka ta je ta daɗe da faɗawa.

Don haka aikin yini guda ake tsara mata a dunƙule. Masana su duba hotunan jiya, su yi gardama kan dutsen da ya cancanci a duba, injiniyoyi su rubuta umarni, a aika da safiyar Mars, motar ta yi aikinta ita kaɗai, da yamma ta ba da rahoto ta hannun kumbunan da ke kewaya sama da ita. Sababbin motocin suna iya zaɓen hanya da kansu su kauce wa duwatsu. Yinin Mars ya fi namu da kusan minti 40, saboda haka a watannin farko na aiki ma'aikatan kan koma rayuwa da agogon Mars, kullum lokacin tashinsu yana matsawa gaba, har mutum ya wayi gari yana karin kumallo da tsakar dare.

Kunnuwan da ke sauraron waɗannan kumbuna manyan faranta ne, mafi girmansu faɗin mita 70. Hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, tana da su a wurare uku: Goldstone a Kalifoniya, kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Kanbera a Ostireliya. An raba su haka ne domin duk yadda duniya ta juya, ɗaya na fuskantar kumbon. Voyager 1, da ya yi nisan da ya haura kilomita biliyan 24, yana magana da na'urar da ƙarfinta bai wuce na ƙaramin ƙwan lantarki ba, saƙonsa kuma yana shafe fiye da sa'a 22 a hanya.

Wane irin mai suke sha da har yake kai su shekaru?

Yawancin tafiyar ba da mai ake yin ta ba. Roka ce take tura kumbon a mintunan farko, daga nan sai ya yi ta sulalewa, tunda babu iskar da za ta rage masa gudu. Ɗan man da yake ɗauke da shi na gyara hanya ne da na taka birki in ya isa.

Akwai kuma dabarar aron gudu. Idan kumbo ya bi ta kusa da wata duniya ta kusurwar da aka lissafa, ƙarfin janyowarta yana lanƙwasa hanyarsa ya wurga shi gaba da ƙarin sauri. Mariner 10 ya yi haka da Zara a 1974 don ya kai Makuri. Cassini ya bi ta Zara sau biyu, ta duniyarmu sau ɗaya, ta Jufita sau ɗaya, kafin ya isa Satun a 2004, shekara bakwai da tashinsa. Voyager 2 ya fi kowa cin moriyar dabarar: a ƙarshen shekarun 1970 manyan duniyoyin nan huɗu sun jeru yadda ba sa yi sai kusan bayan shekara 175, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Jufita 1979, Satun 1981, Yuranus 1986, Neftun 1989. Har yanzu shi kaɗai ne ya taɓa ziyartar biyun ƙarshe, wato kusan duk abin da muka gani na kurkusa game da su daga wucewar 'yan kwanaki ne da kyamarar shekarun 1970.

Wutar lantarki daban ce. A kusa da rana farantan sola sun isa. A Jufita hasken ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin 25 na wanda muke samu, shi ya sa kumbon Juno ya tafi da manyan fukafukan sola uku. Gaba da nan sai sinadarin fulutoniyam-238, wanda yake fitar da zafi da kansa, a mayar da zafin lantarki. Da shi Voyager da Cassini da New Horizons suka yi aiki, haka motocin Curiosity da Perseverance.

Me ya sa sauka a Mars take da wuya haka?

Iskarta ce matsalar. Kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba: ta isa ta ƙona kumbon da ya shigo da gudun kilomita kusan 20,000 a sa'a, amma ba ta isa ta tsayar da shi da laima kaɗai ba. Dole a haɗa garkuwar zafi da laima da roka, kowanne ya yi aikinsa a daƙiƙar da ta dace, duka cikin minti bakwai. Kuma tunda a lokacin sauka saƙo yakan fi minti bakwai a hanya, lokacin da injiniyoyi suka ji cewa kumbon ya shiga iska, ya riga ya sauka ko ya riga ya tarwatse.

Pathfinder a 1997, da Spirit da Opportunity a 2004, a cikin jakunkunan iska aka naɗe su, suka faɗi suna tsalle kamar ƙwallo. Curiosity ta kai kusan kilo 900, jaka ba za ta ɗauke ta ba, sai aka ƙera wani dandamali mai roka da ya tsaya a sama ya sauko da ita da igiyoyi, ya tsinke su ya tafi ya faɗi can nesa. Wanda ya ji bayanin a takarda zai ce hauka ne. Ya yi aiki a Agustan 2012, ya sake yi a Fabrairun 2021.

Kusan rabin kumbunan da aka taɓa aikawa Mars ba su yi nasara ba. Wanda aka fi tunawa shi ne Mars Climate Orbiter na 1999: wani ɓangaren lissafin an yi shi da ma'aunin fam, wani da ma'aunin mita, kumbon ya shiga ƙasa da inda ya kamata, aka rasa shi.

To, an sami rai a Mars?

Ba a samu ba. Abin da aka tabbatar shi ne cewa Mars ta taɓa zama wurin da rai zai iya zama. Mariner 9 a 1971 zuwa 1972 ya hango busassun kwaruruka masu kama da hanyar kogi, da dutsen Olympus Mons da ya ninka Everest tsawo fiye da sau biyu. Opportunity ta sami duwatsun da ba sa samuwa sai da ruwa. Phoenix ya tono ƙanƙara a 2008. Curiosity ta nuna cewa ramin Gale tafki ne a da, fiye da shekara biliyan uku da suka wuce, mai ruwan da ba shi da tsami sosai, ta kuma sami sinadaran kabon irin waɗanda ake gina halitta da su.

A nan ne ake yawan yin tuntuɓe a kanun labarai. Sinadaran gina halitta ba su ne halitta ba, kamar yadda tarin bulo ba gida ba ne. Ana samun su har a duwatsun da suke faɗowa daga sama. Kumbunan Viking biyu sun gwada ƙasar Mars kai tsaye a 1976, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya ba da sakamakon da ya yi kama da na rai, amma yawancin masana sun tafi a kan cewa sinadaran ƙasar ne suka haifar da shi. A Yulin 2024 Perseverance ta ci karo da wani dutse mai ɗigo-ɗigo a bakin tsohon kogin da ke shiga ramin Jezero, irin ɗigon da a duniyarmu ƙwayoyin halitta kan bari. Ta haƙo ɗan guntunsa ta rufe a bututu. Hukuncin ƙarshe sai ranar da bututun ya iso ɗakin gwaji a nan.

Ita Perseverance ce kuma ta tafi da ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, wanda ya tashi ranar 19 ga Afrilun 2021. Tashi biyar aka tsara masa, ya yi 72.

Zara ta fi kusa, me ya sa ba a cika zuwa can ba?

Zara matar wata, wadda masana ke kira Venus, kyanta daga nesa ne. Girmanta kusan ɗaya da na duniyarmu, amma zafin ƙasarta ya kai kimanin digiri 465, ya isa ya narkar da dalma, nauyin iskarta kuma ya ninka namu sau 90 da 'yan kai, gajimarenta na ruwan batir ne. Sobiyet ce ta nace mata. Venera 7 ya sauka a 1970, Venera 9 ya aiko da hoton farko a 1975, Venera 13 ya jure minti 127 a 1982, kuma har yau babu wanda ya fi shi daɗewa a can. Daga baya Magellan ya leƙa ta cikin gajimaren da na'urar rada a farkon shekarun 1990 ya zana kusan dukkan fuskarta.

A ganina an yi sakaci da ita. Duniya ce da ta fara kamar tamu ta ƙare a murhu, saboda iskar kabon da ta lulluɓe ta tana tare zafi. Wanda yake son sanin iyakar abin da irin wannan iska za ta iya yi, ga misali a maƙwabta.

Wata fa, ba an gama da shi ba tun zamanin Apollo?

Ruwa ne ya dawo da hankali kansa. Kumbon Indiya Chandrayaan-1 ya gano alamun ruwa a 2008 zuwa 2009, kuma a 2009 NASA ta faɗa wa ramin Cabeus da gangar roka da gangan, aka ga ƙanƙara a cikin ƙurar da ta tashi. A ƙuryar kudancin wata akwai ramukan da rana ba ta taɓa leƙa ƙasansu ba. Ƙanƙara a can tana nufin ruwan sha, da iskar shaƙa, da man roka. Chandrayaan-3 ya sauka a yankin ranar 23 ga Agustan 2023. Sin kuwa ta sauke Chang'e 4 a bayan wata a Janairun 2019, ta kawo ƙasa giram 1,731 da Chang'e 5 a 2020, sannan Chang'e 6 ya kawo ta farko daga bayan wata a Yunin 2024. Duwatsun Chang'e 5 sun nuna cewa wata yana aman wuta har zuwa shekara biliyan biyu da suka wuce, ya fi daɗewa da ɗumi fiye da yadda duwatsun Apollo suka nuna.

Me ya sa ake ta maganar watannin Jufita da Satun?

Saboda nan ne aka fi shan mamaki. Kafin Voyager ana ɗauka cewa ƙananan watanni masu nisa da rana daskararrun duwatsu ne kawai. A 1979 aka ga Io, ɗaya daga watannin Jufita, yana aman wuta sama. Abin da ke ɗumama shi ba rana ba ce: Jufita ce take matsa shi tana saki yayin da yake kewaya ta, kamar ƙarfen da ake lanƙwasawa gaba da baya har ya yi zafi. Wannan matsar ita ce ta hana ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Europa, wani watan Jufita, daskarewa. Awon da kumbon Galileo ya yi a shekarun 1990 ya nuna teku mai gishiri a can ƙasa, wanda ake ƙiyasin ya ninka ruwan tekunanmu duka. Europa Clipper ya tashi a Oktoban 2024 don ya duba shi, ana sa ran isarsa a 2030, kumbon Turai mai suna JUICE kuma ya riga shi tashi a Afrilun 2023.

Enceladus na Satun ƙarami ne, faɗinsa kusan kilomita 500, amma a 2005 Cassini ya gan shi yana feso ruwa daga tsagogin kudancinsa. Aka bi da kumbon ta cikin feshin ya ɗanɗana. Ya sami gishiri, da sinadaran kabon, da iskar haidurojin da ke nuna akwai maɓuɓɓugan zafi a ƙasan tekun. A tekunanmu, irin waɗannan maɓuɓɓuga cike suke da halittun da ba su taɓa ganin rana ba.

Titan, babban watan Satun, shi ne baƙon cikinsu. Yana da iska mai kauri, da gajimare, da ruwan sama, da koguna da tafkuna, sai dai a sanyin digiri 179 ƙasa da sifili abin da ke gudana iskar gas ce da ta zama ruwa. Ruwa na gaske a can ya daskare ya zama dutse. Na'urar Huygens ta Turai ta sauka a kansa ranar 14 ga Janairun 2005, kuma har yanzu ita ce sauka mafi nisa da aka taɓa yi.

Me ya sa ake wahalar ɗebo ƙasa, alhali na'urar tana iya gwadawa a can?

Na'urorin gwajin da suka fi kaifi sun kai girman ɗaki, ba sa shiga kumbo. Kuma abin da aka kawo gida ana iya ajiye wani ɓangarensa ga masanan da ba a haifa ba tukuna. Akwai bututun Apollo da ba a buɗe ba sai bayan kusan shekara hamsin. Jafan ta kawo giram 5.4 daga curin dutsen Ryugu a Disambar 2020, NASA ta kawo giram 121.6 daga Bennu a Satumbar 2023. Waɗannan duwatsu ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su ne shekara biliyan 4.6 da suka wuce. A cikinsu an sami ma'adanai masu ɗauke da ruwa da sinadaran amino, tubalan furotin.

Idan dutse ya nufo duniya, akwai abin da za a iya yi?

An gwada sau ɗaya. Ranar 26 ga Satumbar 2022 kumbon DART ya daki Dimorphos, dutse mai faɗin kusan mita 160 da ke kewaya wani babba, ya rage lokacin zagayensa da kimanin minti 32. Dutsen ba barazana ba ne, gwaji ne kawai. Dabarar tana aiki ne in an hango haɗarin da shekaru, domin ɗan turi kaɗan a yau ya zama kaucewar dubban kilomita nan gaba. Wanda ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha a Fabrairun 2013 bai wuce mita 20 ba, ya zo ta ɓangaren rana ba a gan shi ba, ya jikkata mutum kusan 1,500, yawanci da fasassun gilasai.

Ina ruwan wannan duka da duniyarmu?

Ita ce duniyar da aka fi bincika da waɗannan na'urori, nesa ba kusa ba. TIROS-1 ya fara ɗaukar hoton gajimare a 1960, kuma hasashen yanayi na yau ya dogara ne da bayanan taurarin ɗan'adam. Jerin Landsat yana ɗaukar hoton ƙasa tun 1972 ba yankewa, har ana iya jera hotunan wuri ɗaya a ga yadda daji ya ragu, ko birni ya bazu, ko tekun Aral ya ƙafe. Tun 2008 hotunan kyauta ne ga kowa. Daga 1993 ana auna tsayin teku da rada daga sama, kuma ya ƙaru da kusan santimita goma.

Wanda ya fi burge ni shi ne GRACE, tagwayen taurari da suka yi aiki daga 2002 zuwa 2017. Ba hoto suke ɗauka ba. Suna bin juna da tazarar kusan kilomita 220, suna auna yadda tazarar ke canzawa. In na gaba ya zo saman wuri mai nauyi, sai a ja shi ya ɗan yi gaba. Da wannan aka auna ƙanƙarar da Girinlan ke asara, da ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke raguwa a arewacin Indiya saboda ban ruwa. Wato an auna rijiya daga sama.

Sannan akwai amfanin kwatance. Likitan da bai taɓa ganin majiyyaci sai ɗaya ba, ba zai san abin da yake na kowa da abin da ya keɓanta da shi ba. Mars ta rasa iskarta ta bushe, Zara ta tara tata ta ƙone, ta tsakiyarsu ce take da teku.

Ba ɓarnar kuɗi ba ce?

Tambaya ce mai kyau, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne: Curiosity ta ci kusan dala biliyan biyu da rabi. Sai dai an kashe su ne cikin shekaru masu yawa, kuma a ƙasa aka kashe su, wajen biyan ma'aikata da masana'antu. Dukkan kasafin NASA bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin gwamnatin Amurka ba. Indiya ta kai kumbon Mangalyaan kewayen Mars a 2014 da kusan dala miliyan 74. Taurarin da ke duban duniyarmu kwalliyarsu ta daɗe da biyan kuɗin sabulu, ko don gargaɗin guguwa kaɗai. Na Fuluto kuwa ba zan ce zai cika wa kowa tukunya ba. An je ne don a sani.

Amurka da Rasha ne kaɗai a fagen?

A da ne. Hukumar Turai ta sauke na'urar Philae a kan tauraruwa mai wutsiya a Nuwambar 2014. Sin ta sauke motar Zhurong a Mars a Mayun 2021, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta shigar da kumbon Hope kewayen Mars a Fabrairun shekarar. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa cewa wata ko wata duniya mallakarta ce.

Idan kumbo ya lalace a can fa?

Sai a yi dabara da abin da ya rage. Babbar eriyar Galileo ta ƙi buɗewa a 1991, aka sake rubuta masa manhaja ya riƙa matse bayanai yana aikowa ta ƙaramar. Ƙafar gaba ta Spirit ta maƙale a 2006, aka koma tuƙa ta da baya tana jan ƙafar, sai ƙafar ta tone wata farar ƙasa da ta zama shaidar tsohuwar maɓuɓɓugar ruwan zafi. A Nuwambar 2023 Voyager 1 ya fara aiko da surutai marasa ma'ana. Injiniyoyi suka gano cewa wani guntun ma'ajiyar kwamfutarsa ne ya mutu, suka rarraba umarnin da ke cikinsa zuwa wasu wurare. Kowane gwaji sai an jira kusan kwana biyu kafin a ji amsa. A Afrilun 2024 ya dawo hayyacinsa, kwamfutar da aka ƙera tun kafin a haifi wasu daga cikin masu gyaran.

Yaya ƙarshensu yake kasancewa?

Wasu ƙura ce take binne su. Kwana 90 aka tsara wa Opportunity, ta yi fiye da shekara 14, ta yi tafiyar kilomita 45, sai guguwar ƙurar Yunin 2018 ta rufe rana, ba a sake jin ta ba. Wasu da gangan ake kashe su. Da man Cassini ya kusa ƙarewa, aka tura shi cikin iskar Satun ranar 15 ga Satumbar 2017 ya ƙone, don kada wata rana ya faɗa Enceladus da ƙwayoyin cutar duniyarmu a jikinsa. Haka aka yi wa Galileo a Jufita a 2003 saboda Europa.

Voyager biyun ba su da inda za su faɗa. Na farko ya fita daga kumfar iskar rana, wato yankin da iskar da rana ke fesowa ta mamaye, a 2012, na biyu a 2018. Wutarsu tana raguwa da kusan wat huɗu kowace shekara, ana kashe na'urorinsu ɗaya bayan ɗaya don sauran su ƙara kwana. Ranar da ta ƙarshe ta mutu za su ci gaba da tafiya shiru. Voyager 1 yana cin kilomita 17 a kowace daƙiƙa, kuma da wannan gudun sai nan da kusan shekara 40,000 zai gifta ta unguwar wani tauraro.